Kawu Tafinta da Rabin Maganar da Ya Fassara

Ranar da muka binne Kawu, abin da ya fi ba ni haushi dariya ce. Mutum zai shigo da fuska a haɗe, ya durƙusa gaban Inna, ya ce sannu da haƙuri, Allah ya ba shi hutawa, ya koma gindin mangwaro wurin maza ya zauna. Ba a jima ba sai wani ya ce, kun tuna yadda yake yi wa talabijin faɗa? Shi ke nan, sai ka ji an kece da dariya, har da masu share hawaye da bakin riga. Ina cikin mata ina raba ruwa, ji nake kamar in fita in ce musu nan gidan makoki ne, ba tasha ba. Daga baya na gane ba su da laifi, haka suka san shi.

Limamin unguwa ya zo da jama'arsa, duk da Kawu dattijon coci ne. Ya ce shekara ashirin suna gaisawa ta kan katanga, bai taɓa jin ya katse wa mutum magana ba. Wata mata ta taho tun daga Dirin Daji a kan babur, zanenta duk laka. Ta ce Kawu ya taɓa wuni da ita a kan benci a bakin ofishin 'yan sanda, bai ɗaga wa kowa murya ba, roƙo ɗaya ya yi ta maimaitawa, cewa a gaya wa ɗanta abin da ake tuhumarsa da shi, har dai aka duba aka ga babu komai aka sake shi. Baba Soja, maƙwabcinsa, wanda suka fi kowa faɗa a duniya, shi ma ya zo. Ya zauna kusa da keken Kawu, hularsa a kan gwiwa, har rana ta faɗi.

Sai tsohon magatakardan kotu, abokin aikinsa, ya miƙe da sandarsa ya ce shekara talatin marigayi yana tafinta, bai taɓa karkatar da kalma ɗaya ba. Kowa ya ce haka ne. Ni kuwa na ajiye bokitin na shige ɗaki, don ni kaɗai a gidan nan na san akwai kalma ɗaya. Kawu ya roƙe ni in kai shi wurin mutumin da kalmar ta cuta, ya gaya masa da bakinsa, ban kai shi ba. Ina wannan rubutu ne don kada a manta da Kawu, kuma don a tuna da shi yadda yake, ba yadda aka gyara shi a gindin mangwaro ba.

Yayan Inna ne, uwa ɗaya uba ɗaya. A kan dutse aka haife shi, ya tashi da yarenmu na C'lela, ya tsinci Hausa a kasuwar Zuru, Turanci kuma a makarantar mishan. Da wannan baki uku ya ci abinci. Aikinsa shi ne ya tsaya tsakanin alƙali da wanda aka kawo, ya kai maganar wannan wurin wancan. Gajere ne, kunnuwansa manya, kuma in yana sauraronka sai ya karkata kai gefe guda kamar mai jiran ruwa ya fita masa daga kunne. In ka yi shiru, ba zai amsa ba sai ya ja numfashi ya tambaye ka, ka gama? Muna yara wannan tambaya ta ishe mu. Ko gaisuwa ce sai ya tabbatar ka gama.

Lokacin da ya ajiye aiki matarsa ta riga ta rasu, 'ya'yansa maza biyu suna nesa, ɗaya a bariki, ɗaya a Kaduna. Abin da ya rage masa gonar dawa ce, da coci, da keke, da gidana. Ni malamar firamare ce, mijina soja ne, sai ya yi wata shida ban gan shi ba. A wani hutu da ya zo farkon shekarun dubu biyu, ya kawo mana talabijin da bidiyo. Daga ranar falona ya tashi daga nawa. In aka kawo wuta da la'asar, kafin in cire takalmin makaranta mata sun shimfiɗa tabarma. Fim ɗin Hausa, na Legas, na Indiya, duk wanda aka samo kaset ɗinsa a kasuwa sai mun gani.

Da farko Kawu ya ce aikin banza ne. Wata Lahadi ya biyo daga coci don ya gaishe ni, ya tarar ana shari'a a cikin fim. Yana tsaye a bakin ƙofa, ko zama bai yi ba, ya ce, wannan wace kotu ce? Muka ce ta fim ce, Kawu. Ya ce ko ta fim ce ai tana da doka. Ya ja kujera. Tun daga ranar ba mu sake kallon shari'a cikin kwanciyar hankali ba.

Sauran fim bai dame shi ba. A yi soyayya, a yi waƙa, a yi rawa cikin ruwan sama, yana gyangyaɗi abinsa. Amma da an nuna alƙali sai ya farka kamar an tsikare shi, ya ce, Malama, tsai da shi. Haka yake kirana in yana son tsokana. Dole in danna, hoton ya tsaya yana rawa, alƙali baki buɗe, mata suna tsaki, shi kuwa ya fara. Wai wannan guduma da alƙali ke bugawa, shi shekara talatin bai taɓa ganin an buga ta ba. Wai lauya ba ya yawo a cikin kotu yana nuna mutane da yatsa kamar mai tallar magani. Wai a ina aka taɓa kama mutum da safe, a yanke masa hukunci kafin azahar, in ba a fim ba, bayan ya san mutanen da suka yi damina biyu a tsare ana ta ɗaga musu zama. Shaidar nan da ke faɗowa a guje ana gab da yanke hukunci, yana ihu a dakata, shi ya fi ba shi dariya. Ya ce a kotun gaskiya ɗan sandan bakin ƙofa zai fara tambayarsa ko lafiya.

Akwai abin da ba ya yi masa dariya. In aka nuna an kama mutum ana dukansa don ya faɗi gaskiya, kuma ya faɗa, kuma ta zama gaskiyar, Kawu kan sunkuyar da kai. Ya ce mana ya sha tsayawa kusa da mutanen da suka amsa laifi da kumburarriyar fuska, kuma mutum in ya sha duka zai amsa cewa shi ya haifi kakarsa. Abin da ke damunsa shi ne yaranmu suna kallo suna tafi, za su tashi da tunanin haka ake nemo gaskiya.

A kan irin wannan suka ɓata da Baba Soja. Wani fim ne, an kashe wa jarumi uba, kotu ta saki mugun, jarumin ya bi shi har gida ya gama da shi. Baba Soja ya miƙe yana tafi, ya ce wannan shi ne namiji. Kawu ya tambaye shi wa ya ji ta bakin wanda aka kashe. Baba Soja ya ce ta bakin me, ai duk mun ga lokacin da ya yi kisan. Kawu ya ce mun gani ne don mai ɗaukar hoto ya kai mu wurin, a duniya kuwa babu mai bin ɓarawo da kyamara. Baba Soja ya kira shi lauyan ɓarayi. Kawu ya ce gara shi, bai taɓa tafa wa gawa ba. Kai, ranar sai da na shiga tsakani. Sati biyu ba sa magana, amma babu wanda ya fasa zuwa kallo. Wannan ya zauna a wannan kusurwa, wancan a waccan, suna aike ta bakina. Malama, gaya wa wancan ya matsa ya tare mini. Malama, gaya masa kansa ne babba. Na zama tafinta tsakanin tsofaffi biyu masu yare ɗaya, har ranar da Baba Soja ya kawo gyaɗa ya ajiye a tsakiya, Kawu ya miƙa hannu ya ɗiba.

Ni ma na yi nawa. Wata rana na dawo a gajiye, ɗalibai sun cinye mini rai, ya ce in tsai da shi, na ce ba zan tsayar ba. Na ce Kawu, don Allah fim fim ne, mun zo hutawa ne, ba karatun lauya ba, in ba za ka iya kallo ka yi shiru ba ka bar mu. A gaban mutane na faɗa. Ya dube ni, ya tambaye ni ko na gama, na ce na gama. Ya ɗauki kekensa ya tafi. Sati uku bai leƙo ba. Abin haushi, fim ɗin duk ya zama lami. Alƙali ya buga guduma, mu juya mu dubi kujerar da babu kowa. Ni da kaina na tafi gona na same shi yana shema, wato cirar ciyawa, na durƙusa a cikin kunya na ba shi haƙuri. Tambayata kawai ya yi ko an samo sabon kaset.

Babban ƙorafinsa dai guda ne, kuma kullum sai ya yi shi: ina tafinta? A fim kowa yana jin kowa. Talaka daga ƙauye zai tsaya gaban alƙali ya zuba jawabi tiryan-tiryan, kotu ta yi tsit, alƙali ya cire tabarau ya share ido. Kawu ya ce shi mutanen da ya sani, in suka shiga kotu ko sunansu sai sun yi tunani kafin su tuna. Rabinsu ba su san da wane yare ake yanke musu hukunci ba.

"Masu fim sun zaci haƙƙin mutum shi ne a ba shi magana," in ji shi. "Ba shi ke nan ba. Sai an jira shi ya kai ƙarshe."

Mun ɗauka hikimar tsufa ce kawai, muka ce to.

Ranar da na san asalin maganar, mu biyu ne kaɗai a falo, mata sun tafi biki. Fim ɗin Indiya ne, babu fassara, ba ma jin ko kalma ɗaya. Aka kawo wani talaka kotu, yana magana yana haɗa hannu, alƙali yana rubutu. Don tsokana na ce, to Kawu, yau ga aikinka, fassara mana. Bai yi dariya ba. Ya ce yadda muke zaune yanzu muna kallon baki yana motsi ba mu san me ake cewa ba, haka mutanenmu ke tsayuwa a kotu, sai dai su ba su da abin dannawa su tsayar. Sannan ya ce in kashe. Ba tsayarwa ba, kashewa.

Ya ce yana sabon shiga aiki, ko tabbatar da shi ba a yi ba, aka kawo wani saurayi daga wani ƙauye a kan dutse, can bayan Mahuta. An sami akuyar wani a cikin garken ubansa. Alƙalin baƙo ne, ba ya jin Hausa, ga zafin rai, ga mutane jingim suna jiran a kira su. Aka tambayi saurayin ko ya ɗauki akuyar. Da ya amsa da yarenmu da ba a yi haka ba, amma ya ji kunyar a yi masa dariyar ɗan dutse a cikin gari, sai ya ɗauko 'yar Hausarsa. Ya ce, "Na ɗauka..." ya tsaya yana laluben abin da zai biyo. Alƙali yana ƙwanƙwasa alƙalami a kan tebur. Kawu ya juya ya ce da Turanci, ya ce ya ɗauka. Bakinsa bai rufe ba ya ji saurayin ya ƙarasa a hankali: "...tamu ce."

Na ɗauka tamu ce. Zato ya yi, ya koro ta da yamma tare da nasu. Amma alƙalami ya riga ya sauka. Kawu ya ce yana da lokacin da zai ce, ranka ya daɗe, na yi sauri, bai gama ba. Numfashi ɗaya ne. Ya dubi fuskar alƙalin, ya tuna aikinsa, ya haɗiye. Aka ba saurayin wata tara. Daga baya ya ji daga bakin 'yan ƙauyen da ke zuwa kasuwa cewa yaron yana shekara ta shida ne a golmo, wato noman da saurayi kan yi wa iyayen yarinya kafin a ba shi ita. Damina ta wuce yana kurkuku, ya fito da sunan ɓarawo, aka fasa auren.

"A fim in anka cuci mutum, akwai mugu, kina ganin idonsa kin san shi," ya ce. "Ni ban ƙi yaron nan ba, ɗiyata. Yunwa nike ji, kuma ina tsoron alƙali."

Kusan shekara arba'in bai gaya wa kowa ba, har matarsa. Amma bai daina bin labarin mutumin ba. Ya san ya yi wani auren, ya san yana raye, ya san ƙauyen. Gwiwarsa ba ta hawan dutse a keke, idonsa kuma ya fara rauni, kuma ba ya son 'ya'yansa su ji daga nesa. Ya ce in samo masu babur biyu in raka shi. Ba gafara zai fara nema ba. So yake mutumin ya san alƙali bai ƙaryata shi ba, bai ma ji shi ba ne, kuma haƙƙinsa ne ya san wanda ya yanke masa magana.

Na ce to, Kawu, bari a gama jarrabawa. Aka gama jarrabawa ya tuna mini, na ce ruwa ya yi yawa, rafin hanyar ba ya ƙetaruwa, bari kaka ta yi. Kaka ta yi, mijina ya zo hutu. Ya sake tambaya ana shirin Kirsimeti, na ce bayan biki, babu fashi. Gaskiyar ita ce ban ɗauki abin da nauyi ba. A raina na ce damuwar tsufa ce, maganar akuya ta shekara arba'in, wa zai tuna. Kuma ina jin kunyar in tsaya ina kallon Kawuna, wanda duk Zuru ke tashi tsaye in ya shigo, yana ƙasƙantar da kai gaban wani baƙo. Daga ta ukun nan bai sake tambaya ba. Ya ci gaba da zuwa kallo, amma ya daina cewa in tsayar. Ni da wautata har daɗi na ji, na ce Kawu ya gyaru. Farkon damina ya kwanta, kwana huɗu, ya tafi.

Ina kewarsa har ban san yadda zan faɗa ba. Yanzu kaset ya wuce, faifai ake yayi, an ce hoton ya fi kyau. Ni dai da an nuna kotu sai in tashi in shiga kicin.

Sati uku bayan jana'iza na ɗauki mai babur na tafi. Rafin da na yi ta kafa hujja da shi, ruwansa iya gwiwa ne, na tattare zane na wuce. Na sami mutumin a gindin ɗorawa a bayan gidansa yana gyara ƙotar fartanya, tsoho siriri, kansa fari fat. Na gaishe shi da yarenmu, irin nawa na 'yan gari mai ɗingishi, na ce ni ɗiyar ƙanwar tafintan kotun Zuru ce, na da, kuma ya rasu.

Ya ajiye fartanyar. Ya ce ya tuna shi sarai, gajere mai kunnuwa. Ya ce yaron kirki ne. A duk ɗakin nan shi kaɗai ya dube shi a ido, kuma da aka yanke hukunci shi ya kawo masa ruwa a kofi kafin a tafi da shi. Ya ce ya faɗi gaskiyarsa, yaron ya kai, alƙali ne ya ƙi yarda, kuma ya daɗe da barin alƙalin da Allah.

Allah ya sani, saura kaɗan in ce masa gaisuwa ce kawai ta kawo ni, in tashi. Mutum ɗaya yake tunawa da alheri a ranar, kuma shi na zo in ƙwace masa. Amma ba maganata ba ce balle in rage ta. Na faɗa masa yadda Kawu ya faɗa mini, da sauri da yunwar da tsoron, ban ƙara ba, ban gyara ba. Ina yi ina tuntuɓe da yaren, yana saurare. Da na kai ƙarshe ya daɗe yana kallon dawar da ke gabansa. Wata mata ta leƙo daga cikin gida, ya ɗaga mata hannu ta koma.

"Ashe bai ji ba," ya ce. Ya sake faɗa, a hankali, kamar yana gwada nauyinta. Sannan ya juyo gare ni. "To, mi ya hana shi zuwa da ƙafarsa?"

Rafi da jarrabawa da gwiwa duk suna bakina, a shirye.

"Ni ce, Baba. Sau uku ya roƙe ni."

Bai yi mini faɗa ba. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya ce da na kawo shi, da sun zauna a nan su biyu sun yi maganar da yarensu, don shi ma yana da abin da zai gaya masa. Na matsa kusa na ce ya gaya mini, ni ce a madadin Kawu. Ya girgiza kai, ya ɗauki fartanyarsa.

"Ba naki ba ne, ɗiyata. Nashi ne."

Kawu, na kai saƙonka yadda ka ba ni. Akwai amsa, tana can a kan dutse, kuma ni na sa ba za ka ji ta ba. Ubangiji ya karɓe ka, ya hutar da kai.